Kayan yaƙin Biyafara da na tarar a akwatin kakana, in sayar ko in bari?

Ɗan_Gangare:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina roƙo kar a mai da maganar nan faɗan ƙabila ko na addini don ba shi ya kawo ni ba.

Ni a Jos nake, gyaran waya nake yi amma ina ɗan taɓa sai da tsofaffin kuɗi a Facebook, irin su kwabo mai huji, sisi, sule da takardun fam na da. Wata biyu da suka wuce kakana na wajen uwa ya rasu, tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa tun 1967 har aka gama a 1970. Da aka zo rabon gado akwatin ƙarfensa ya faɗo a kason mamana, ita kuma ta ce in buɗe in ga ko akwai abun amfani.

Da na fasa kwaɗon na samu lambobin yabonsa guda uku, bel ɗinsa na soja, takardar sallama, sai damin kuɗin Biyafara an ɗaure da ƙyalle, yawanci fam ɗai-ɗai ne masu hoton bishiyar kwakwar manja da rana tana fitowa ta bayanta. Duk wannan bai dame ni ba. Can ƙasa ne na ga wani tsohon gwangwanin taba, a ciki hotuna huɗu marasa kala, biyu sojoji ne tsaye jikin mota, biyun kuma gawawwaki ne a bakin hanya kuma ba kaki a jikinsu, akwai wata mata da zani, akwai wanda in ka duba da kyau yaro ne bai fi shekara 12 ba. A bayan ɗaya an rubuta 1968 da fensir, shikenan. Tare da hotunan akwai carbi irin na 'yan Katolika da katin baftisma mai sunan wani mutum da sunan coci, gefen katin ya yi baƙi kamar tabon jinin da ya daɗe.

Kaka bai taɓa ba mu labarin yaƙin nan ba. In ka tambaye shi sai ya ce Allah kar ya maimaita, ya ɗau butarsa ya tashi.

Kuɗin kawai na ɗora a shafina, sai wani mutum daga Abuja ya kira ni ya ce me da me kuma ke akwatin, ni kuma ban yi tunani ba na tura mishi hoton komai ta WhatsApp. Kuɗin da lambobin ya taya dubu 40. Gwangwanin kuwa da abun da ke ciki ya ce zai ba ni dubu 600, wai akwai wani a ƙasar waje da ke tara irinsu. Abun da ya hana ni barci shi ne tambayar da ya yi min, wai tabon nan na tabbata jini ne, don in jini ne zai ƙara. Sannan ya ce in rubuta takarda in sa hannu cewa kakana yana Asaba lokacin, ni kuwa wallahi ban san inda ya yi yaƙinsa ba.

Mamana na wankin ƙoda sau biyu a sati, duk wanda ya san wannan ciwon ya san abun da dubu 600 take nufi a gidanmu. Toh ya zan yi?

Alhaji_KayanDa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, Allah ya ba mahaifiya lafiya.

Ƙanina ni shekarata 22 ina wannan sana'a a Abuja, bari in gaya maka yadda take. Mutane suna ganin mu kamar masu cin kuɗin kayan matattu, amma abun da ba a sa masa farashi ba a ƙasar nan bola yake ƙarewa. Da idona na ga takubba da tasoshin tagulla na gidajen sarauta an auna su a sikeli wajen 'yan jari bola an biya kuɗin kilo, na ga rubutun ajami na kakanni an naɗe ƙosai da shi. Wanda ya sa kuɗinsa ya sayi abu shi ke lallaɓa shi.

Kuɗin Biyafara ka sayar ba wata damuwa, suna nan birjik, ni kaina ina da su a shago, kuɗi ne da ya bi hannun dubban mutane ba na mutum ɗaya ba. Lambobin yabo gumin kakanka ne, hajiya ce mai iko da su, in ta yarda shikenan, duk da ni da nawa ne zan ajiye wa jikoki.

Takardar Asaba kuwa kar ka kuskura. Ƙarya ce, kuma sunan kakanka za ka liƙa wa abun da ba ka san ya aikata ba, takardar za ta bi kayan duk inda suka je har bayan ranka.

Hotunan fa, a nan zan saɓa da waɗanda na san za su zo su ce haram. Waɗanda ke ciki sun riga mu gidan gaskiya fiye da shekara 50, mahaifiyarka tana raye tana jin ciwo yau. Kuma ba duk mai sayen irin wannan ne mugu ba, akwai masu rubuta littafi, akwai 'ya'yan Ibo da ke ƙasashen waje suna neman duk abun da ya shafi yaƙin don 'ya'yansu su gani. Ni dai da ni ne zan sayar. Sai dai ka sani dillalin da ya taya 600 ba tare da ya yi ciniki ba, abun da zai karɓa a can da dala ya ninka haka.

Maman_Khalifa:

Alhaji ka yi haƙuri, girmanka ne, amma maganar hotunan nan ban yarda ba ko kaɗan.

Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin waɗanda bam ɗin kasuwar Taminus ta Jos ya kashe ranar 20 ga Mayu 2014, takalma yake sayarwa a bakin titi, na farko ya tashi ya ruga taimakon mutane na biyun ya same shi. Sama da mutum 100 suka tafi a ranar. Ba a yi sati ba bidiyon wajen ya cika wayoyi, har a shagunan masu tura waƙa ana ba da naira 50 a tura maka. Wata rana ina cikin Keke Napep daga Rikkos za ni kasuwa wasu samari biyu a gefena suna kallo suna cewa kai duba wannan duba wancan, na ɗan leƙa sai na ga ƙafa da silifas mai ruwan ƙasa irin wanda na saya mishi da sallah. Ban san ko shi ba ne, har yau ban sani ba, amma a wajen na ce mai keke ya tsaya na sauka na zauna a bakin kwata ina ta amai. Waɗannan yaran ba mugaye ba ne, ba su san shi ba ne kawai, a wajensu abun kallo ne.

Toh matar nan mai zani da ke cikin hoton kakanka ita ma yayar wani ce ko uwar wani. Shekara 50 ba ta goge komai Alhaji, mahaifiyarmu har ta rasu in ta ji ƙarar tayar mota ta fashe sai jikinta ya hau rawa.

Kuma bari in gaya maka ɗaya ɓangaren ƙanina. Bayan kamar wata ɗaya da abun, wata mata Kirista mai sai da tumatir kusa da inda yake zama ta yi ta tambaya har ta gano gidanmu, ta kawo mana walat ɗinsa da ta tsinta, ya ƙone ta gefe, katin zaɓensa na ciki da naira 700. Ba ta taɓa ko sisi ba. Wannan walat ɗin yana cikin adakata yanzu, ɗansa da aka haifa bayan rasuwarsa shi nake nuna wa in ya tambayi babansa. Da ta ga dama da ta yar, ko ta sai da wa masu neman abun mamaki.

Katin nan da carbin nan ba na kakanka ba ne, ba na mamanka ba ne. Akwai sunan mai su a jiki. Mutumin da ke tambayar ko jini ne don ya ƙara kuɗi kuwa, ni ko ruwa ba zan sayar masa ba.

Malam_Bukuru:

Allah ya jiƙan ɗan uwanki Maman Khalifa. Ni tarihi nake koyarwa a wata sakandare a nan Abuja, bari in ɗan ƙara haske kan dalilin da ya sa mutumin ya nace sai an rubuta Asaba.

A watan Oktoba 1967 da sojojin tarayya suka shiga Asaba an tara maza da samari na garin aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu, mafi muni ranar 7 ga wata a unguwar Ogbe-Osowa. Har yau mutanen garin suna taron tunawa da su. Sunan wajen ya shahara, shi ya sa duk abun da aka jingina masa kuɗinsa ke tashi. Kuma ka lura hotonka 1968 aka rubuta, ko shekarar ba ta yi daidai ba. Idan ka sa hannu, gobe wani zai buga hoton a littafi ko intanet a matsayin hujja, mutanen da aka kashe a wani gari daban a binne labarinsu a karo na biyu.

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ba. Kayan Hitila har yau ana gwanjonsu. A 2022 an sayar da wani agogo da aka ce nasa ne a jihar Maryland ta Amurka kan dala miliyan 1.1 duk da shugabannin Yahudawa sun rubuta takarda sun roƙi a fasa, masu gwanjon suka kare kansu da irin hujjar Alhaji, cewa adana tarihi ne. A 2019 kuma da aka yi gwanjon hularsa da wasu kaya a birnin Munik, wani attajiri ɗan asalin Labanan mai suna Abdallah Chatila ya zuba kusan Yuro dubu 600 ya saye don kawai kar su faɗa hannun masu ƙaunar aƙidar Nazi, ya bayar da su kyauta, suka ƙare a Yad Vashem, gidan tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe, a Isra'ila. A Jamus nuna tambarin Nazi a bainar jama'a laifi ne sai in don koyarwa ko bincike ko makamancin haka, eBay ma tun 2001 ta hana sayar da irin kayan.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Patrice Lumumba, firaministan Kwango na farko. Bayan an kashe shi a Janairun 1961 aka narkar da gawarsa, wani ɗan sandan Beljiyam da ya yi aikin ya cire haƙorinsa ya tafi da shi gida ya ajiye shekara da shekaru kamar abun tsaraba. Sai a Yunin 2022 aka miƙa wa iyalansa, wannan haƙori ɗaya shi suka sa a akwati suka yi wa jana'iza. Mu ma nan muna ta murna a Disambar 2022 da Jamus ta kawo wasu daga kayan Benin nan Abuja, kayan da sojan Ingila suka kwashe a 1897 bayan sun ƙone birnin. In muna cewa a dawo mana da namu, da wane baki za mu sai da na maƙwabcinmu?

Amma ban ce a ɓoye komai ba. Motar da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta, na taɓa kai ɗalibai, yaran da ke ta surutu a mota suna shiga ɗakin suka yi tsit. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi da makaman ɓangarorin biyu. A irin waɗannan wurare kowa zai shiga, an rubuta waye, yaushe, me ya faru. A falon wani attajiri kuwa abun ya zama nasa shi kaɗai, ya nuna wa baƙinsa bayan an ci abinci.

Kuma mu 'yan Jos kar mu manta, kafin yaƙin a 1966 a cikin garin Jos an kashe Ibo da dama, sauran suka cika tashar jirgin ƙasa suka gudu, kuma bayan 1970 da yawansu suka dawo suka sake buɗe shaguna a Dilimi da Ahmadu Bello Way. Ba mamaki dangin mai katin nan ba su fi tafiyar keke ɗaya daga shagonka ba.

Sadiq_AnguwanRogo:

Ni fa a ganina ka ƙona hotunan kawai ka huta, ka rufa wa kakanka asiri. Garin nan ba ya buƙatar abun da zai sake tada hankali, in suka shiga intanet ka san irin zagin da za a yi ta yi.

Malam_Bukuru:

Sadiq na fahimci tsoronka amma kar ya ƙona. Tsohon nan ya fi mu sanin abun da ke cikin gwangwanin, yana da ashana shekara 50 bai ƙona ba. Ba mu san ko shi ya ɗauki hoton ba ko ba shi aka yi, ba mu san ko katin a jikin gawa ya cire don ya nemi danginta abun ya gagara ba. Kar mu yanke masa hukunci, kar kuma mu shafe abun da ya adana.

Almajirin_Malam:

Ni ba mufti ba ne, ka je ka zauna da malamin da ka yarda da shi, amma ga ɗan abun da muka karanta.

Gado yana hawa ne kan abun da mamaci ya mallaka. Kati da carbi masu sunan wani ba su shiga dukiyar kakanka ba don kawai sun kwana a akwatinsa, mafi sauƙin hukuncinsu shi ne tsintuwa, ita kuwa tsintuwa cigiya ake yi har shekara guda, kuma kasancewar mai ita ba musulmi ba ne bai halatta ta ba. Kai da ma an sauƙaƙa maka tunda ga suna ga coci.

Maganar gawa kuma, Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, wato alfarmar ɗan Adam ba ta faɗuwa don ya mutu. Kuma a hanyar Tabuka da suka bi ta Hijir, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halaka sai dai in suna kuka. Bai ce a rushe wajen ba, yadda za a shiga ya gyara. Jikin Fir'auna ma a Suratu Yunus aya ta 92 an ce an tsirar da shi ne don ya zama aya ga na baya. Toh ka auna da wannan, wanda zai karɓi hotunan da wace zuciya zai kalle su? Mai tambayar jini ya riga ya ba ka amsa da bakinsa.

Lalurar mahaifiya gaskiya ce kuma ba wanda zai raina ta. Ka turo min lambar asusu ta akwatin saƙo, ranar Juma'a zan yi wa limaminmu magana.

Alhaji_KayanDa:

Maman Khalifa kin sa jikina ya yi sanyi, Allah ya gafarta masa. Kati da carbi na janye, a nemi masu su. Amma malam maganar kai wa gidan tarihi a yi a hankali, na taɓa ba wani gidan tarihi kyautar wata tsohuwar bindiga, da na koma bayan shekara ba wanda ya san inda take, ko a rajista babu. In zai bayar ya ɗauki hoton komai ya karɓi takardar shaida da sa hannu da hatimi. Ƙanina kuɗin Biyafaran ka ƙirga ka gaya min, in ba su yage ba zan saya sama da abun da wancan ya taya.

Ɗan_Gangare:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, na karanta komai fiye da sau uku.

Jiya da daddare na zauna da mama na nuna mata gwangwanin, da ma ban nuna mata ba don kar hankalinta ya tashi. Ta daɗe tana juya carbin a hannunta sannan ta ce ta san shi. Wai tana yarinya ta taɓa ɗauka tana wasa da shi a tsakar gida, baba bai dake ta ba, ya karɓa kawai ya ce wannan amanar wani ce, ya mayar. Ba ta sake gani ba sai jiya. Ta ce ko za ta rasa kuɗin wanki ɗaya ba za a sai da shi da sunanta ba. Hotunan gawawwakin kuwa ta ƙi kallo.

Mutumin Abuja na gaya mishi na fasa, ya ƙara dubu 150 na ce a'a, sai ya fara faɗa wai na ɓata mishi lokaci. Abun da ke damuna yanzu shi ne hotunan da na riga na tura mishi a WhatsApp, na goge ta wajena amma na san ya ajiye, wannan kuskurena ne kuma ban san yadda zan gyara ba.

Da safen nan na kai katin wajen wani dattijo Ibo mai sai da kayan gyaran mota a Dilimi, ni nake gyara mishi waya tun da daɗewa. Ya sa tabarau ya karanta, ya yi shiru, ya ce sunan cocin akwai irinsa da yawa a ƙasarsu amma sunan dangin ya yi kama da na wani yanki da ya sani. Ya ce in zo ranar Lahadi bayan sun taso ya haɗa ni da fadansu, wato limamin cocinsu, su suna da hanyar tambaya a rajistar baftisma. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce shi ma yayansa tun 1968 ba a ga gawarsa ba.

Alhaji takardun guda 63 ne, bakwai sun ɗan yage, zan turo maka hoto. Lambobin mama ta ce a bar wa ƙanina. Almajirin Malam na tura maka saƙo, wankin gaba ranar Talata ne.

Malam Bukuru saura hotunan, suna nan cikin ambulan a ƙarƙashin katifata. In kana da wani da ka yarda da shi a sashen tarihi na Jami'ar Jos wanda zai duba su ya gane ko wane gari ne, dan Allah ka haɗa ni da shi, a bayan sojojin akwai wani gini mai rubutu a jiki amma idona bai iya karantawa ba.